In dasashinka na jini lokacin goge baki, ga yadda za ka yi

Makon jiya wani abokina mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas yake ce min wai ya daina goge haƙoransa na ƙasa, don duk sanda ya sa buroshi sai ya tofar da jini, gara ya bar wurin ya warke tukuna. Na ce masa Malam ai ka yi gudun gara ka tadda zago.

Bari in ɗan yi bayani, in ka gane wannan sauran mai sauƙi ne. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan kwarmi, a baki mai lafiya zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, kuma ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe wurin aikinsu sak na maigadi ne. Da sun ji ƙwayoyin cuta sun taru sai su fitar da wani sinadari nasu mai suna difensin da ke huda jikin ƙwayar cutar, sannan su busa usur, wato su saki saƙon da likitoci ke kira IL-8, fararen ƙwayoyin jini su yo ca a wurin. Jijiyoyin jini sai su buɗe don a samu hanya, shi ya sa za ka ga wurin ya yi ja ya kumbura, ɗan taɓi kaɗan sai jini. Kuma ƙwayoyin halittar da ke saman wurin ma zubewa suke da ƙwayoyin cutar a maƙale a jikinsu, sababbi su maye gurbi cikin kamar mako guda.

To kaga muddin dattin da ke tara ƙwayoyin cutar na nan maigadi ba zai daina busa usur ba. A 1965 an gwada a Denmak, aka sa mutane masu lafiyar baki suka daina gogewa, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kamar mako ɗaya ya lafa.

Don haka ka ci gaba da gogewa ko da jinin na fita. Nemi buroshi mai laushi, ba wanda kamar na wankin takalmi ba, ka ɗan karkata shi bakinsa ya taɓa daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka dinga juyawa a hankali, minti 2, safe da dare da makilin. Na daren ma ya fi, don yawu na raguwa in mutum ya yi barci. Asuwaki ma yana aiki wallahi, sai dai mutanenmu gaba kawai suke dirza, turamen ciki da bayan haƙora ko oho. In ka ci tsire ko kilishi ya maƙale, zaren sakace ya fi tsinken ashana da ke sokar dasashi. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri a kurkure ba laifi, amma ba ya maye gurbin gogewa.

Abin da nake roƙo, a daina zuwa kemis ana sayen kafso don wannan. Dattin da ya daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙori ba kafso ba buroshi, sai likitan haƙori ya kankare.

In ka yi mako 2 kana gogewa yadda ya kamata jini bai tsaya ba, ko baki na wari, ko ka ga mugunya ko haƙori na girgiɗi, maganar ta wuce gida. Akwai wata ƙwayar cuta, Porphyromonas gingivalis, da ke iya kutsawa cikin ƙwayoyin dasashin ta ɓuya, har ta lalata saƙon nan na IL-8, kamar ɓarawon da ya ƙwace usur ɗin maigadi, kuma in rikicin ya kai ga ƙashin da ke riƙe haƙori ya zaizaye ba ya dawowa da kansa. Masu ciwon suga da mata masu juna biyu kar su jira mako biyun ma. Masu shan taba kuma nasu da yaudara, taba na rage jinin alhali ɓarna na ci ta ƙasa.

A Legas, asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja duk suna da ɓangaren haƙori, ka yi sammako saboda gosulo da layi, in kana shan wani magani ka tafi da kwalinsa.