Goron Sallah: yadda ake zaɓar wa yara kayan wasa da na zane ba na roba ba

Da Sallah ta ƙarato, kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada a Zariya sai su cika da bindigogin roba, tabarau da motoci masu batir. Yawancinsu ba sa kaiwa Hawan Daushe, sun fashe an watsar a bola, daga can ruwan sama ya kwashe su zuwa kwata, kuma roba ba ta ruɓewa. Da kuɗin da ake kashewa a kansu za a iya samar wa yaro abin katako, ko na duma, ko na auduga, wanda ƙannensa ma za su gada. Sai dai ba duk abin da ya fito daga itace ko ƙasa ne ya dace da hannun yaro ba, dole a duba.

A fara da girma. Yaron da bai kai shekara 3 ba, komai baki yake kaiwa. Ma'aunin da masu gwada kayan wasa ke amfani da shi bututu ne mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige ciki zai iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. A gida a gwada da kwalin tsakiyar tishu: in abu ya wuce ta cikinsa, ba na ƙaramin yaro ba ne. Igiyar jan mota kada ta wuce santimita 20, don kada ta naɗe wuya. Ƙaramin batir mai kama da kwabo kuwa, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa hanyar abinci cikin awa 2.

Mafi amfanin kyauta ga ɗan shekara 2 zuwa 6 ita ce guntayen katako na gini. A je wajen kafinta mako biyu kafin Sallah, tun aiki bai yi masa yawa ba, a ce ya yanko guda 30: ashirin masu santimita 5 ta kowane gefe, goma masu tsawon santimita 10. Malaina ta fi dacewa, ba nauyi kuma tana goguwa. A tambaye shi kai tsaye ko an shafa wa katakon maganin gara ko baƙin mai. In an shafa, a bar shi. Haka tsohuwar ƙofa ko taga mai fenti, domin tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama da wuri ba. Mutanen Arewa sun san illarta tun 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara sanadin ƙurar dalma daga duwatsun zinare. A goge da samfefa mai lamba 120, a bi da 220, a kashe kaifin kowace kusurwa. Maimakon fenti, a narkar da kakin zuma cokali 1 da man kaɗe cokali 4, a shafa da tsumma, a bari ya kwana, a goge. Kada a sa man gyaɗa, yana yin ɗoyi bayan 'yan watanni.

Wajen masu ƙorai akwai ƙoƙo, ludayi da caki. A leƙa ciki a sansana; baƙin tabo da warin rima alamar fumfuna ce. Caki kuma a tambayi abin da aka zuba masa. Idon zakara, jajayen ƙwayoyin nan masu ɗigon baƙi, guba ne mai kisa in aka tauna, haka 'ya'yan zurma. Gara a sa a zuba gero ko shinkafa, ko ya fashe ba abin tashin hankali.

'Yar tsana ba sai an saya ba. Ƙyallayen atamfa daga shagon tela, a cusa auduga, a ɗinka ido da baki da zare a maimakon maɓalli. Manyan yara, daga shekara 7, a ba su karan dawa su ƙera mota da kansu, amma babba ya fere musu, ɓawon kara yana yanka yatsa. Ko a sa kafinta ya fafe allon dara mai gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12.

Kayan zane ne suka fi sauƙin haɗawa, kuma makarantun allo sun daɗe da riƙe sirrin: ƙaro. Shi ke kama launi a jikin takarda, in babu shi zanen zai kakkaɓe da zarar ya bushe. A jiƙa ƙaro gwangwanin madara 1 a ruwan ɗumi gwangwani 2, ya kwana, a tace da ƙyalle, a zuba ƙaramin cokali na zuma don kada ya tsattsage. Sai a raba a ƙananan kwalabe, a zuba wa kowace launi ɗaya. Baƙi, gawayi da aka daka aka tankaɗe sau biyu. Rawaya, garin kurkum. Fari, farar ƙasa. Ruwan ƙasa, jar ƙasa da aka jiƙa, aka bar yashin ya kwanta, aka kwashi laushin sama. Ja, zoɓo mai kauri, cikin hannu ɗaya a ruwa rabin kofi. A nan yara ke samun abin mamaki: ɗigon lemun tsami yana ƙara wa zoɓon haske, ɗan ruwan kanwa kuma ya juya shi shuɗi-shuɗi zuwa kore. Kurkum da zoɓo suna kodewa a rana, a rataye zanen a ɗaki. In launi ya yi garas-garas, daka ne bai yi ba. In yana ƙyalli yana ɗanko, ƙaro ya yi yawa, a ƙara ruwa. A haɗa da alƙalamin kara da takarda mai kauri, a zana musu dagi irin na bangon gidajen cikin birni su kwaikwaya.

Don mulmula, yumɓun masu tukwane ya isa, a ajiye shi cikin jiƙaƙƙen tsumma. In babu, fulawa gwangwani 2, gishiri 1, ruwa 1 da mai cokali 2, a murza har ya daina kama hannu. Gishirin ne ke hana shi lalacewa, amma yawansa na cutar da yaro in ya ci, don haka ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne. Fentin ƙaro kuwa ba ya daɗewa da ruwa a zafin Zariya, cikin 'yan kwanaki yake tsami. A zuba shi a murafun kwalba ya bushe ya daskare, duk ranar da za a yi zane sai a taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi.