Yadda ake tantance gida kafin a ba shi riƙon babba mai rauni a Ingila

A Ingila akwai tsarin da ake kira Shared Lives. Maimakon a kai tsoho mai cutar mantuwa, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka haifa da ƙarancin fahimta gidan kula da marasa ƙarfi, sai a haɗa shi da wani iyali, ya zauna cikinsu, su ci tukunya ɗaya. Riƙo ne irin wanda muka sani, sai dai na manya ne, kuma ana biyan mai riƙon. Dabarar tsohuwa ce. Mutanen garin Geel a Beljiyam sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yi, kuma a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta. Ga yadda Ingila ke bi don kada alheri ya rikiɗe ya koma cuta.

Da mai gida ake farawa, ba da ɗaki ba. Hukumar DBS za ta duba ko yana da tarihin laifi, ko sunansa na cikin waɗanda aka haramta wa aiki da masu rauni. A nemi shaidar waɗanda suka san halinsa. Ma'aikacin shirin zai yi ta zarya gidan har tsawon watanni, yana tambaya kan lafiya, kuɗi, da yadda ake sasanta rigima in rai ya ɓaci. Daga nan sai horo kan agajin gaggawa, ba da magani, da gane alamun cin zarafi. A ƙarshe kwamiti ne zai ce an amince ko a'a.

Duba gidan ba ya ɗaukar lokaci: ɗaki na kansa ga wanda za a riƙe, na'urar gano hayaƙi, matakala da banɗaki da zai iya amfani da su, wurin ajiye magani, da inshora. Yawanci ba a wuce mutum uku a gida ɗaya.

Mataki na uku shi ne wanda, a ganina, ya fi kowane nauyi: haɗa mutum da gidan da jininsu zai haɗu. Ba a ɗauko shi da jakarsa rana ɗaya a ce ga sabon gidanka. Zai zo shan shayi tukuna. Wata rana ya ci abinci da su, ya ga ko akwai kare a falo, ko hayaniyar yara ta fi ƙarfinsa. Sai ya kwana ɗaya, sai ƙarshen mako. A kowane zango yana da ikon cewa bai yi masa ba, su ma masu gidan haka. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce a ɗauka babba yana iya zaɓa wa kansa har sai an tabbatar da akasin haka. Mu da muka saba cewa "ai mun san abin da ya fi masa", nan ne wurin da ya kamata mu ja birki.

In an daidaita, a rubuta komai: maganin safe da na dare, abincin da ba ya ci, ko yana son a kai shi masallaci ran Juma'a, wa zai ziyarce shi. Kuɗinsa kuma daban. Duk fam ɗin da aka kashe daga aljihunsa da rasit, ko da na sabulu ne, domin ta nan ɓarna ta fi saurin shigowa.

Bayan tarewa ba a rufe ƙofa. Ma'aikacin shirin zai riƙa leƙowa, ya keɓe da mutumin ya ji daga bakinsa, a kuma sake nazarin mai riƙon duk shekara. Shi ma mai riƙon ana ba shi hutu, don gajiya ce ke fara kawo tsawa. Hukumar CQC kuwa, mai sa ido kan asibitoci da ayyukan kulawa a Ingila, shirin take bincika ta ba shi daraja, ba kowane gida ba.

Idan ka ga tabon da ba a yi bayaninsa ba, ko rama, ko mutum ya yi tsit duk sanda mai gida ya shigo, sanar da sashen kare manya na ƙaramar hukumar yankin. Sashe na 42 na dokar kulawa ta 2014 ya wajabta musu bincike. In rai na cikin haɗari, 999 za ka kira.