Yadda nake nkate kek, alewar gujiya, a gida

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Shekaranjiya wata makwabciyata nan Aboabo a Kumasi ta aiko 'yarta wai dan Allah in fada mata yadda nake nkate kek, nata kullum in bai yi daci ba to sai ya ki bushewa yana makalewa a hakori, shi yasa nace bari in rubuta kowa ya samu. Nkate da Tonanci, wato Twi, gujiya kenan, wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke cewa gyada.

Kayan ba yawa. Gujiya gwangwanin madara 2, suga gwangwani 1, rabin lemon tsami, gishiri dan kadan da mai na shafawa. Sai katako mai fadi ko tire, kwalba wankakkiya busasshiya, da wuka.

Gujiyar nan ki zauna ki tsince ta da kyau. In kin je kasuwar Kejetia ko ta Aboabo ki nemi sabuwa wadda aka sauko da ita daga arewa, wajen Tamale ko Wa, ki dan gutsura ki ji. Duk wadda ta yi baki ko ta motse ko tana warin rima ki zubar, kar ki ji tausayin kudinki, irin wannan fumfunar tana da guba mai taba hanta kuma wuta bata kashe ta, gashi yara ne suka fi cin abin nan. Sai ki soya da yashi mai tsabta a wuta kadan kina juyawa har bawon ya fara sabulewa in kin murza. Kar ki bari tayi ja sosai don zata sake haduwa da zafin suga. In ta huce ki murje ki fece bawon, ki dan daddaka a turmi sama sama. Ba gari ake so ba, in kika matsa mata mai zai fito ta koma tunkuza.

To ga inda ake faduwa. Kafin ki dora suga a wuta komai ya zama yana gabanki, katako an shafe shi da mai, kwalba da wuka suma an shafa, gujiya na gefen hannunki, yara kuma su fita daga kicin. Gwaggona da ta koya min ko sallama bata amsawa in suga na kan wuta, sai ta gama ta bada hakuri, da na fara yi da kaina na gane dalili, abin nan baya jiran kowa.

Ki samu tukunya mai kaurin gindi busasshiya, ki zuba suga ba ruwa, ki diga lemon tsamin, shi ke hana sugan komawa tsaki tsaki. Wuta kasa kasa, in kurfoti ne ki rage gawayi. Zaki ga ya fara narkewa daga gefe, ki rika janyo shi tsakiya a hankali da cokalin katako, zai dunkule kamar ya lalace amma kar ki tsorata ki cigaba zai narke duka. Launin da kike nema shine na zuma. Da ya kai nan ki sauke, in kika tsaya har ya koma kalar cakulan yana hayaki to daci ya shiga kuma ba gyara sai sabo. In kina shakka ki diga kadan a kofin ruwan sanyi, in ya daskare ya karye kas to yayi, in yana lankwasa da saura.

Nan take ki juye gujiya da gishirin, ki juya da karfi ko ina ya samu, ki kwashe kan katakon ki murza da kwalba har yayi fadi, ni kaurin da nake so bai kai dan yatsa ba saboda hakoran tsofaffi. Ki yanka tun da duminsa, murabba'i ko a karkace irin na masu talla, in ya huce wuka bata shiga sai dai ki fasa.

Dan Allah kar ki taba da hannu, narkakken suga zafinsa ya haura digiri 150, ya fi tafasasshen ruwa nesa kuma yana manne wa fata. In tsautsayi ya sa ya diga miki ki tara wurin a ruwan famfo mai sanyi kamar minti 20.

Ajiya kuma, sai ya huce sarai ki sa a kwalba ko roba mai murfi ki rufe ruf. Suga na jan danshi, a damunar Kumasi wajen watan Yuni in kika bar shi a bude kafin yamma ya fara danko, amma da hunturu sai ya yi makonni yana nan garas. Tukunyar ma kar ki kankare, ki zuba ruwa ki mayar wuta ya tafasa, sugan da ya kama zai narke da kansa.