Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa man shafa wa kujerun mota na fata

Tun kafin a ɗora tukunya a wuta ake tafka kuskuren farko, wato rashin sanin irin fatar da ke cikin motar. Fatar yawancin motocin zamani ba irin ta sirdi ba ce mai shan mai. Tun a masana'anta ake fesa mata launi, sannan a bi ta da wani siririn rufi mai kama da roba, don haka duk man da ka shafa a saman rufin zai kwanta. Wasu ma ba fata ba ne sam: MB-Tex na Mercedes da SofTex na Toyota duk haɗin masana'anta ne, gogewa kawai suke so. Ka ɗiga ruwa a wani lungu na kujerar ka gani. In ɗigon ya tsaya dunƙule, akwai rufi, ɗan mai kaɗan ya isa. In ya nutse wurin ya yi duhu, fatar a buɗe take, za ta sha mai, amma ka sani launinta zai ƙara duhu.

Sai batun man girki. Man zaitun ne aka fi garzayawa gare shi don yana kusa, kuma ranar farko kujera kan yi kyau har ka ji daɗi. Matsalar daga baya take zuwa. Mota in ta kwana biyu a rana gilasai a rufe, man sai ya lalace ya fara hamami, ya yi danƙo, ƙura ta manne. Wanda ya zurara ta ɗinki ya shiga soson ciki kuwa ba ya fitowa. In har za ka haɗa, nemi man jojoba (man da ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiron hamada), wanda ba ya saurin lalacewa, ka sa kashi huɗu nasa da kashi ɗaya na kakin zuma. Kakin yana narkewa a digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Salshiyos, ba ya bukatar wuta kai tsaye. Sa kwanon cikin tukunyar ruwan zafi kana juyawa har ya haɗe. Kada ka ƙara ruwa a ciki, funfuna zai yi.

Masu zuba ruwan khal mai yawa ko bekin soda su ma suna cutar kujera. Fata ɗan tsami gare ta kaɗan. Khal ya fi ta tsami nesa, soda kuma kishiyar tsami ce, tana busar da ita. Sifirit ya fi su ɓarna, yana iya ɗebe launin ɗungurungum.

Shafa mai a kan dauɗa kuwa, kamar shafa turare ne ba a yi wanka ba. Sheƙin nan da kake gani a kujerar direba ba lafiya ba ce, gumi ne da maiƙon jiki suka taru. Sabuwar fatar mota ba ta ƙyalli. Fara gogewa da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, ka bar ta ta bushe a inuwa.

Wajen shafawa, a tsumma ake lakatar man, ba a kujera ake zubawa ba. Gwada a ƙasan kujera tukuna, ka jira kwana ɗaya ka ga yadda launin ya kasance. Bayan ka shafa, bi da busasshen ƙyalle har sai yatsanka ya daina jin santsi. Kujera mai ƙananan huji-huji, wadda ake yi don iska ta ratsa, kaki toshe ta yake yi ya bar fararen ɗigo a kowane rami, fitar da su sai da tsinke da haƙuri. Ni dai shawarata a kyale irinta da tsumma mai danshi. Sitiyari kuma kada man ya kusance shi ko kaɗan, don hannu na iya zamewa ana tsakiyar shan kwana.