Darasi na Bakwai: Halin Uwa da Halin Uba Bayan Haihuwa

Idan an yi suna ranar bakwai, 'yan barka sun watse, gida yakan koma hannun mutum biyu waɗanda barci bai ishe su ba. Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana, saboda haka maijego ba ta samun dogon barci, angon ƙarni kuma hidimar magani da cefane ta ƙaru a kansa. A cikin irin wannan gajiya halin kowa yake fitowa fili: mai saurin fushi fushinsa ya ƙaru, mai zurfin ciki ta ƙara yin shiru, mai fargaba kuwa ko atishawa jariri ya yi sai hankalinta ya tashi.

Mu ɗauki misalin magidanci mai shago a Kantin Kwari, mutum mai son tsari, wanda ya dawo bayan Magariba ya tarar ba a share tsakar gida ba, kayan jariri suna jiƙe a cikin baho, tuwo kuma bai sauka ba. Idan ya ce, "Wai me kike yi tun safe?", matarsa mai zurfin ciki ba za ta tanka ba, amma maganar za ta zauna mata. Washegari, idan ta ji jikin yaron da zafi, sai ta ji nauyin faɗa masa, alhali zazzaɓin jariri abu ne da ake kaiwa asibiti ba tare da jinkiri ba. Da ya karɓi yaron ya saɓa shi a kafaɗa, ta samu ta ci abinci, da ita da kanta za ta ba shi labarin yadda suka wuni. Uwa ma tana da nata gyaran. Wadda take karɓe yaro duk lokacin da uban ya ɗauka, tana cewa, "Kawo shi, Maigida, ba ka iya ba," za ta wayi gari ya janye hannunsa gaba ɗaya. Ya fi kyau ta nuna masa yadda ake tallafe kan jariri, ta bar shi ya saba.

Wurin da aka fi samun saɓani a gidajenmu na Kano shi ne tsakanin shawarar asibiti da ta iyaye, musamman ga mai haihuwar fari da ta tafi wankan jego gidansu. Ma'aikatan lafiya suna cewa a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa masa, domin ruwan da yake bukata yana cikin nonon. Kaka kuwa, idan ta ga zafin watan Afrilu, tausayi ne yake sa ta miƙo cokalin ruwa. A ganina, babban kuskure ne miji ya bar matarsa ita kaɗai ta yi wa surukarta musu. Su fara daidaita magana tsakaninsu, sannan kowa ya tunkari mahaifiyarsa cikin ladabi, shi ya ce, "Hajiya, ki yi mana haƙuri, haka aka ce mana a asibiti, kuma ni ma na yarda." Aya ta 233 a cikin Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, ta kuma rataya yaye a kan yarda da shawarar su biyun.

Wani shirun kuma ba hali ba ne, rashin lafiya ne. Idan maijego ta wuce mako 2 tana yawan kuka, ba ta cin abinci, ko ba ta jin daɗin ɗaukar jaririnta, kada a ce shagwaɓa ce. Miji ya raka ta wurin ma'aikacin lafiya.

Aikin gida: ku zauna ku biyu da katin rigakafi, ku rubuta ranakun komawa, irin su mako 6, mako 10, mako 14 da wata 9. A gefen kowace rana ku rubuta wanda zai raka yaron, da kuɗin adaidaita sahu da za a ware tun da wuri.