Yadda za ka kalli shahon teku a Farasan ba tare da ka tashe shi daga sheƙa ba

'Yan'uwa mazauna Jidda da Makka kan tambaye ni yaushe ya kamata su zo Jizan su ga shahon teku, tsuntsun nan mai kamun kifi da Larabawa ke kira uƙab nusari. Lokacin sanyi nake ce musu. Na Bahar Maliya ba sa ƙaura irin na Turai, nan suke zaune, kuma tsakanin Nuwamba da Maris suke ƙwai da renon 'ya'ya.

Daga Jizan ka hau jirgin ruwa zuwa tsibiran Farasan, kyauta ne, iƙamarka (katin izinin zama) dai ta kasance a aljihu. Tsibiran wuri ne da hukuma ke karewa, UNESCO ma, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa su cikin jerinta na wuraren kare halittu a 2021. Da ka idar da sallar asuba, nemi masunci ya kai ka wajen dajin ƙandal, itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri.

Gane shi ba wuya: ciki fari fat, baya ruwan ƙasa, ga baƙin zane ya ratsa idonsa kamar ya sha kwalli. In ya buɗe fukafukai sun haura mita 1.5. Kada ka ɗauke ido idan ya tsaya cak a sama yana kaɗa su, kifi ya hango. Ƙafafu yake turowa gaba ya faɗa ruwa, ya taso yana kakkaɓe jiki, sannan ya juya kifin kansa ya fuskanci gaba don kada iska ta tare shi. Ni wannan juyin ne ba na gajiya da kallonsa.

Sai maganar da ta fi damuna. A nan sau da yawa a ƙasa yake sheƙa, tulin ƙirare a kan dutsen gaɓa, shekara da shekaru ana ƙara masa. Ƙwai biyu ko uku ne, kwancinsu ya fi mako biyar. Uwar na tashi, rana ta doke su, wasu tsuntsayen teku kuma na jiran wannan damar su cinye ƙwan. Saboda haka kada ka sauka tsibirin da ka ga sheƙa. Ka zauna cikin kwalekwale, a kashe inji, ka yi kallo da madubin hangen nesa. In ta miƙe tana kuka tana zagaya kanku, kun matso da yawa, ku ja da baya nan take. A tsawatar wa yara, ban da jifa, ban da ihu.

Duk zaren fatsa ko tsohuwar koma da ka gani a gaɓa, don Allah ka kwashe ka tafi da su. Yakan ɗauke su ya sa a sheƙa, su naɗe ƙafafun 'ya'yansa.