Haɗa tsohuwar laftof mai Windows XP da sabuwar na'urar sauraron waƙa

Ka jona waya, na'urar ta fara caji, amma kwamfuta ta yi gum kamar ba a sa komai ba. Galibi matsalar tsarin haɗi ce.

1. Fara da canza waya. Wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar fayil.

2. Shiga saitin na'urar, ka nemo wurin USB. A Sansa Clip ta SanDisk za ka ga MTP da MSC, wato hanyoyi biyu na haɗa na'urar da kwamfuta. Zaɓi MSC, kwamfuta za ta ɗauke ta kamar filas, sai ka ja waƙoƙinka ka zuba a jakar Music. Ni wannan na fi so, babu ciwon kai.

3. In MTP kaɗai take yi, sai ka sa Windows Media Player 11, wanda ke buƙatar aƙalla Service Pack 2, wato sabuntawar Windows XP.

4. Duk sun ƙi? Cire memorin, ka sa a abin karanta kati. Tsarin fomat ɗin katin ya kasance FAT32, don XP ba ta gane tsarin exFAT sai an ƙara mata gyara.

In kafar laftof ɗin USB 1.1 ce, ba ta da sauri, ka bar ta ta gama kwafa kafin ka zare.